Ɓarawon da Ke Yin Sallama Kafin Ya Shiga

Da yammacin Laraba, 15 ga Yulin 2020, wani saƙo ya fito a shafin Barack Obama na Twitter. Wai tsohon shugaban na Amurka ya dubi halin da annobar korona ta jefa jama'a, ya ga ya kamata ya yi alheri: duk wanda ya tura masa dala 1,000 a kuɗin Bitcoin zai mayar masa da dala 2,000, amma cikin minti 30 kawai. Kusan irin wannan saƙo ya fito a shafukan Joe Biden, wanda a lokacin yake takarar shugaban ƙasa, da Bill Gates, da Elon Musk, da kamfanonin Apple da Uber. Duk wanda ya tashi a garuruwanmu ya san wannan zance, don tun muna yara muke jin labarin masu ninka kuɗi a tasha da bakin kasuwa. Amma da yake sunayen manya ne a kai, mutane suka yi ta turawa. Kafin kamfanin ya farga ya toshe ƙofa, an kwashe kimanin dala 118,000.

Da yawa sun ɗauka aikin wata ƙasa ce mai gogaggun 'yan leƙen asiri. Da aka yi kame a ƙarshen watan, sai ga jagoran tafiyar yaro ne ɗan shekara 17 daga birnin Tampa a jihar Florida, mai suna Graham Ivan Clark. Daga baya kotu ta ɗaure shi shekara uku.

Hukumar kula da harkokin kuɗi ta jihar New York ta binciki lamarin, ta fitar da rahoto a watan Oktoban 2020. Abin da rahoton ya nuna ya fi satar kanta ban mamaki. Yaron da abokansa waya kawai suka ɗauka. A lokacin ma'aikatan Twitter daga gida suke aiki saboda kulle, kuma hanyar da suke bi su shiga kwamfutocin ofis ta kan ba su matsala. Sai masu kutsen suka riƙa kiran ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, suna cewa daga sashen gyaran kwamfuta na kamfanin suke, sun kira ne su warware musu wannan matsala. Suka tura su wani shafi na bogi da ya yi kama da na gaske kamar an tsaga kara. Ma'aikaci na rubuta sunansa da kalmar sirrinsa a can, su kuma suna kwafewa suna zubawa a shafin gaskiya a daidai wannan lokaci. Wanda suka fara samu ba shi da ikon taɓa shafukan mutane, amma ta kansa suka san yadda gidan yake da su wa ke riƙe da makullai, suka koma kan waɗannan. A ƙarshe shafuka 130 suka kai wa hari, suka yi rubutu da 45 daga ciki. Da ɗan gari akan ci gari, ko da ɗan garin bai san ana cin garin da shi ba.

Me ya sa suke bi ta kan mutum?

In aka ce masu kutse, hoton da ke zuwa ran yawancinmu shi ne wani matashi a ɗaki mai duhu, yana ta buga wasu lambobi har ya ɓalle asusun banki. Akwai irin waɗannan, amma aikinsu na da wuya da tsada. Bankuna da manyan kamfanoni suna kashe maƙudan kuɗi wajen katange na'urorinsu. Mutumin da ke zaune gaban na'urar kuwa yana gajiya, yana jin tsoro, yana jin kunya, yana son a ce masa ya kyauta. Shi ya sa mai wayo a cikinsu ba ya wahalar da kansa da ƙarfe. Ka ga gida da ƙofar ƙarfe da kwaɗo uku, ɓarawo ya zo da tsakar rana cikin farar shadda ya yi sallama, ya ce wa yaron gida Alhaji ne ya aiko shi ya ɗauki janareto a kai gyara, yaron ya buɗe masa har ya kama masa ɗauka. Kwaɗon bai yi laifi ba.

Mutumin da ya fi shahara a wannan fage shi ne Kevin Mitnick, Ba'amurken da hukumar FBI ta yi ta farauta har ta kama shi a watan Fabrairun 1995. Ya yi shekara biyar a tsare. Bayan fitowarsa a 2000 aka gayyace shi gaban wani kwamitin majalisar dattawan Amurka, inda ya shaida musu cewa yaudarar ma'aikata ta waya ta yi masa aiki ƙwarai, har ba kasafai yake buƙatar fasa na'ura ba. Ya kan koyi irin maganar mutanen kamfani, ya san sunan manaja da na sakatariya, ya san wanda ya tafi hutu, sannan ya kira kamar ɗan gida. Daga baya ya zama mai koya wa kamfanoni yadda za su kare kansu, sana'ar da ya riƙe har mutuwarsa a 2023.

Abin da na lura da shi a duk waɗannan labarai shi ne, ba wautar mutum ake kamawa ba. An fi kama shi ta kyawawan halayensa. Muna girmama na gaba, don haka in aka ce daga hedikwata ake kira sai mu gyara zama. Muna son taimakon ɗan'uwa, don haka in aka ce yana asibiti ba ma tsayawa dogon bincike. Muna jin nauyin ƙaryata mutum a fuskarsa, balle wanda ya yi mana sallama ya tambayi iyali. A kan waɗannan sai a ɗora abu biyu: tsoron asara ko kwaɗayin samu, sannan a ɗaure su da igiyar gaggawa. Minti 30 ɗin da aka sa a saƙon Obama ba ado ba ne. An sa shi ne don kada kowa ya samu sukunin tambayar na kusa da shi.

Yadda kiran yake zuwa

Wata gwaggona, malamar firamare da ta yi ritaya a Kano, ta ba ni labarin nata kiran dalla-dalla. Ranar Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci, kwana kaɗan da shigar kuɗin fansho.

"Assalamu alaikum. Da Hajiya wance nake magana?" Ya faɗi cikakken sunanta har da na mahaifinta.

"Ita ce. Wa ke magana?"

"Ranki ya daɗe, daga babban ofishin bankinku ne, sashen BVN. Ina gajiya, ya iyali? Hajiya, mun ga an haife ki ranar kaza ga watan kaza, haka ne?"

Haka ne kuwa. Daga nan, in ji ta, hankalinta ya kwanta.

"To Hajiya, Babban Banki ya ba da umarnin rufe duk asusun da ba a sabunta ba kafin ƙarfe huɗu na yau. Naki yana ciki. In aka rufe, sai kin je Abuja da kanki."

"Bari yarona ya dawo, shi ya san waɗannan abubuwa."

"Haba Mama, ai ni ma ɗanki ne. Wallahi tausayinki na ji na kira, ga shi yau Juma'a, gobe da jibi ba aiki. Ɗauko katin naki kawai, minti biyu ne. Kuma kar ki faɗa min lambar sirrinki, mu ba ma tambayar wannan."

Wannan jimla ta ƙarshe ita ta ƙarasa ta. Ta sha jin gargaɗi a rediyo cewa kada a ba kowa lambar sirri, ga shi shi da kansa yana hana ta. Ta karanta masa lambobin gaban katin, da ranar ƙarewarsa, da ukun nan na baya. Ya ce za ta ga saƙo ya shigo da wasu lambobi, ta karanto masa don a tabbatar ita ce. Ta karanta. Ya ce bai shiga ba, wani zai sake zuwa. Ta sake karantawa. Ya yi mata godiya, ya yi mata addu'ar gamawa lafiya. Wayar na hannunta alat ya fara shigowa.

Mu tsaya mu warware abin da ya faru. Suna da ranar haihuwa ba sirri ba ne yanzu. Suna nan a takardun da muke bari a shagon hoto da kwafi, da fom ɗin neman tallafi da muke cikewa ba mu san mai shi ba, da gaisuwar zagayowar ranar haihuwa da 'ya'ya ke yi wa iyaye a Facebook. Mai damfara yana tsinto waɗannan ne don ya sayi yarda da su. Lambobin jikin kati kuwa su ake buƙata a yi sayayya ko a cire kuɗi ta intanet. Lambar da ta shigo ta saƙo, wadda ake kira OTP, ita ce tambayar ƙarshe da banki ke yi: kai ne da kanka kake son fitar da kuɗin nan? A lokacin da yake hira da ita, shi yana can ya riga ya shigar da bayanan katin, amsarta kawai yake jira. Sau biyu ya karɓi lamba saboda sau biyu ya ciri kuɗi. A jikin saƙon ma an rubuta kada a nuna wa kowa, amma da Turanci, kuma wanda ake hanzartawa lambobin kawai idonsa ke nema. Zaɓen yammacin Juma'a shi ma da gangan ne, don kafin a buɗe banki ranar Litinin kuɗin sun bi ta asusu da yawa sun ɓace.

Riguna daban, mutum ɗaya

Wannan dabara tana sauya riga gwargwadon wanda za a je wa. Ɗan boko ana kiransa a ce daga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ne, yau da dare akwai taro ta intanet, an turo masa lambar shiga, ya karanto a sa sunansa. Lambobi shidan nan na WhatsApp ɗinsa ne. Yana faɗa, manhajar ta fita daga wayarsa ta koma ta ɓarawo. Nan take 'yan'uwa da abokai za su fara samun saƙo da hotonsa da sunansa: "Don Allah ranta min dubu hamsin, tiransifa ta ƙi tafiya, da safe zan mayar maka." Daga cikin rukunonin da yake ciki kuma a samo lambobin waɗanda za a kira gobe.

Mai neman aiki ana turo masa linkin ɗaukar ma'aikata. Da azumi ya kama sai linkin rabon data kyauta ko tallafin gwamnati, a ce sai ka tura wa mutum goma kafin naka ya fito, ka zama kai ne ɗan aiken ɓarawo ba ka sani ba. Shafin zai nemi suna, da lambar waya, da NIN ko BVN, da lambar asusu. Mai shago ana nuna masa alat na bogi, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 da ya tura kowa ga tiransifa. Mai saye yana tsaye yana cewa sauri yake, mota na jiransa, ga layi a baya, mai shago ya ji kunyar ya ce a dakata. Akwai kuma tsohon salo da har yau bai mutu ba: kiran tsakar dare da wata shaƙaƙƙiyar murya, wai aljani ne ko wani malami daga nesa, an ga arziki a tare da kai, ka tura kuɗin turare kuma kada ka faɗa wa kowa.

Wani hari kuma kan layin waya yake. In aka sace waya, sau da yawa sim ɗin ake so fiye da wayar, saboda da shi ake shiga banki ta gajerun lambobin nan na tauraro. Wani lokaci ma ba sai an taɓa wayarka ba: a je da bayananka a yaudari ma'aikacin kamfanin waya, ko a saye shi, a yi wa layinka welkam-bak. Kai dai za ka ga sabis ya ɗauke, alhali saƙonnin bankinka suna sauka a wata waya. Da wannan dabara aka ƙwace shafin Jack Dorsey, shugaban Twitter na lokacin, a watan Agustan 2019.

Manya ma suna faɗawa

Kada wani ya ce rashin ilimi ne. Tsakanin 2013 da 2015, wani ɗan ƙasar Lithuania mai suna Evaldas Rimasauskas ya yi rajistar kamfani a Latvia da suna iri ɗaya da Quanta Computer, wani kamfanin Taiwan da ke ƙera wa Google da Facebook kayan aiki. Ya riƙa aika musu takardun neman biya, da kwangiloli da hatimi da sa hannu duk na jabu. Ma'aikatan kuɗi suka ga sunan da suka saba biya, suka yi ta biya. Sama da dala miliyan 100 ya karɓa daga kamfanoni biyun da suka fi kowa sanin intanet, kafin a kama shi a 2017. Wata kotun New York ta ɗaure shi shekara biyar a 2019.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage, tunda lambar sashe na 419 na kundin laifukan Najeriya ta zaga duniya. Obinwanne Okeke, wanda mujallar Forbes ta Afirka ta taɓa sa wa cikin matasan 'yan kasuwa masu tasowa a 2016, ya faɗa hannun hukumomin Amurka a 2019 kan wata damfarar imel. A 2018 an tura wa babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac, mai dillancin manyan motocin Caterpillar, wani imel da ya kai shi shafin bogi. Ya rubuta kalmar sirrinsa. Da akwatin imel ɗinsa aka riƙa ba ma'aikatansa umarnin biyan kuɗi, su kuma suka bi umarnin maigida, har kusan dala miliyan 11 ta fita. An yanke wa Okeke shekara 10 a 2021. Hukumar FBI ta ce a 2024 kaɗai, ƙorafe-ƙorafen da ta karɓa na laifukan intanet sun kai asarar dala biliyan 16.6, kuma kusan biliyan 2.8 daga ciki ta irin wannan damfarar imel ɗin kamfanoni ce. Waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi kowane rukuni asara.

Yanzu kuma ƙirƙirarriyar basira ta shigo. A farkon 2024, wani ma'aikacin kuɗi a ofishin Hong Kong na kamfanin injiniyoyi na Arup, mai hedikwata a Landan, ya samu saƙo wai daga babban jami'in kuɗi, ana neman ya yi wata hada-hada a asirce. Da farko ya yi shakka. Sai aka gayyace shi taron bidiyo, ya ga fuskar maigidan da ta wasu abokan aiki da ya sani, ya ji muryoyinsu. Zuciyarsa ta natsu, ya tura kuɗi sau 15, jimilla kimanin dala miliyan 25. Duk fuskokin da ya gani a taron na'ura ce ta haɗa su. Wannan ya kamata ya tsorata mu da muke rayuwa kan saƙon murya a WhatsApp. "Ai na ji muryarsa" ta daina zama hujja.

Kariya tana cikin ɗabi'a

Tunda ma'aikatan kuɗi na Google da na Hong Kong sun faɗa, ba ni da dalilin yarda cewa wayona zai fitar da ni ranar da aka same ni cikin gajiya ko tashin hankali. Abin da ke aiki shi ne doka da mutum ya kafa wa kansa tun hankalinsa na kwance, wadda ba sai ya yi tunani ba zai bi ta.

Doka ta farko ita ce uwar sauran: wanda ya kira ka ba shi zai tabbatar maka da kansa ba. In an ce daga banki ne, ka ce, "To na gode, zan kira ku," ka kashe. Ka juya katinka ka kira lambar da ke baya, ko ka taka zuwa reshe. In ɗan'uwa ne ya turo neman rance, ka kira shi a layin da ka sani, kira na gaske, ka tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani. Kada ka dogara da sunan da ya fito a fuskar waya, ana iya ƙirƙirarsa, kuma abin da Truecaller ke nunawa mutane ne suka rubuta. Gidaje da yawa za su amfana da wata kalma ta sirri tsakanin iyaye da 'ya'ya, wadda duk mai neman kuɗin gaggawa da sunan ɗan gida sai ya faɗe ta.

Ta biyu, duk lambar da ta shigo wayarka ta saƙo taka ce kai kaɗai. Ba ma'aikacin banki, ba na kamfanin waya, ba shugaban rukuni, ba jami'in tsaro da ke da hurumin jin ta. Haka lambobin jikin kati, gaba da baya, da lambar sirri. Mai turo maka kuɗi lambar asusu kawai yake buƙata. Duk wanda ya nemi fiye da haka don ya "ba ka", karɓa ya zo yi.

Ta uku, ka ɗauki gaggawa da sirri a matsayin ƙararrawa. In aka haɗa "yanzu-yanzu" da "kada ka faɗa wa kowa" a magana ɗaya, to ka faɗa wa wani, kuma ka jinkirta. Gaggawa aikin shaiɗan ce, in ji mutanenmu, kuma ba bankin da ke rufe asusu ta waya cikin awa biyu.

Sai kuma 'yan gyare-gyare da ba su wuce aikin yamma ɗaya ba. Ka shiga saitin WhatsApp ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka sa lamba shida da kai kaɗai ka sani, ta yadda ko an yaudare ka an karɓi lambar saƙo ba za a iya shiga ba. Ka yi haka a Facebook da imel. Ka sa wa sim ɗinka lambar sirri, don in an cire shi an sa a wata waya ya ƙi buɗewa, amma ka adana lambar PUK da ke jikin katin sim ɗin, saboda kuskure uku na kulle shi. Kada lambar sirrinka ta zama shekarar haihuwa ko ƙarshen lambar wayarka, kuma kada ka adana ta a cikin sunayen waya. Kalmar sirri ɗaya kada ta buɗe maka ko'ina. In da hali, ka raba asusu biyu: na cefane mai kati da manhaja, da na ajiya wanda ba ya fita yawo. Ka rage iyakar abin da za a iya fitarwa a rana. Ka tambayi bankinka gajeriyar lambar toshe asusu, wadda ake iya bugawa ko da wayar wani, ka rubuta ta a takarda a gida. Mai shago kuma ya daina kallon fuskar wayar mai saye, ya buɗe tasa manhajar ya ga kuɗin sun zauna kafin kaya su bar kanta.

Ga masu kamfani da shugabannin ofisoshi, magana ta fi nauyi a kanku. Duk takardar da ta ce an sauya lambar asusun wanda kuke biya, a kira shi a tsohuwar lambar da ke cikin fayil, ba wadda ke jikin sabuwar takardar ba. Kuɗi masu yawa kada su fita sai da hannun mutum biyu. Sannan abu mafi wuya a al'adarmu: yaron ofis ya samu izinin ce wa maigida, "Yallaɓai, bari in tabbatar." In kai mai tsawa ne, wanda ba a maimaita masa tambaya, to ka sani ka gama yi wa mai kwaikwayon muryarka rabin aiki.

In ta riga ta faru

Mintunan farko su ne komai. Ka toshe asusun da katin nan take, ka kira banki, ka je da kanka da zarar an buɗe, ka rubuta ƙorafi ka karɓi shaida. Wani lokaci akan riƙe kuɗin a asusun da suka sauka in an yi hanzari. Ka kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar EFCC, kuma in banki ya yi biris da kai, Babban Bankin Najeriya yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna. In WhatsApp aka ƙwace, ka sake yin rajista da layinka, hakan na fitar da ɓarawon, ko da yake in ya riga ya sa tasa lambar sirrin za ka iya jiran kwana bakwai. Kafin nan ka sanar da mutanenka ta kira da saƙon tes. In sabis ya ɗauke a wayarka alhali na kusa da kai suna da shi, kada ka kwana ba ka bincika ba. Ka kuma yi hattara da zagaye na biyu, wato wanda zai kira ya ce shi jami'i ne ko gwanin kwamfuta, zai dawo maka da kuɗinka in ka biya wani abu. Sau da yawa mutanen farko ne suka dawo kalen abin da ya rage.

Gwaggona ta yi kwanaki ba ta faɗa wa kowa ba. Da na ce, "Gwaggo, me ya hana ki kira ni a ranar?" sai ta ce, "Ni da na koyar da yara shekara da shekaru, a ce an yi min wayo kamar ƙaramar yarinya?" Wannan kunya ita ce jarin masu damfara na biyu. Tana ba su lokacin kwashe kuɗi, tana kuma barin maƙwabci cikin duhu har nasa kiran ya zo. Mu da muke yi wa wanda aka cuta dariya a majalisa muna taya su aiki. Wanda ya fito ya ce ga yadda aka yi da ni, ya kamata a gode masa, don ya ba unguwa darasin da ya saya da kuɗinsa.

Saboda haka aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Duk wanda ya iya karanta wannan yana da uwa ko kawu ko maƙwabciya da aka buɗe wa asusu aka miƙa mata kati ba tare da an zaunar da ita an yi mata bayani da Hausa ba. A zauna da su, a kunna musu abin da ya kamata a kunna, a gaya musu cewa katse waya a kan baƙo ba rashin tarbiyya ba ne. Limamai da shugabannin kasuwa da masu shirye-shiryen rediyo su riƙa maimaitawa yadda ake maimaita gargaɗin gobara da hunturu. Ma'aikacin gaskiya ba ya jin haushi don an ce za a bincika, ɗan'uwa na gaskiya ma zai jira minti biyar. Wanda ya fusata ko ya hau rantse-rantse don ka ce za ka kira shi daga baya, ya riga ya gaya maka ko shi wane ne.